Tun ran gini ran zane: yadda maƙwabta za su tare ginin da zai cuce su a Kano

A Kano ba a yin shela kafin a fara gini. Abin da za ka fara gani shi ne tifa ta juye yashi a kangon da ke jikin gidanka, bayan kwana biyu a sauke bulo, sai kuma a kewaye wurin da kwano. Ka tambayi mai gadi abin da za a yi, ya ce shi ma bai sani ba, Alhaji ne dai ya ce ya kula da kaya. A majalisar ƙofar masallaci bayan la'asar kowa da nasa labarin. Wani ya ce gidan mai ne, wani ya ce wurin biki, wani ya rantse filaza ce hawa uku. Ana cikin wannan hasashe za a kai linta, a zuba dekin na farko. Sai ran da tagar bene ta leƙo tsakar gidan mutum, ya tarar iyalinsa suna shara da wanke-wanke cikin hijabi a gidan aurensu, sannan ake tashi neman mai unguwa. To, a lokacin an riga an yi sake, ɗan zaki ya girma.

Yawancin rigingimun gini da ke tashi a unguwanninmu, daga Ɗorayi zuwa Hotoro, daga Kurna zuwa Sheka, a nan ake kayar da jama'a. Sau da yawa suna da gaskiya, amma sun makara, kuma da suka tashi da fushi suka tafi, ba da takarda ba. "Ba ma so" ba hujja ba ce a gaban hukuma ko alƙali. Mai fili yana da damar ya yi gini a filinsa ko da duk layin ba sa amsa sallamarsa. Aikin da ke gaban maƙwabta shi ne su juya "ba ma so" ɗin nan ta koma ɗayan abu biyu: ko dai ginin ya saɓa wa takardun da aka ba mai shi, ko kuma akwai wata cutarwa takamaimai da za a iya nuna ta da yatsa.

A fara da filin kansa. Tun 1978 Dokar Amfani da Ƙasa ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta bisa amana, aka kuma saƙala dokar a jikin tsarin mulkin 1999 yadda ba ta taɓuwa cikin sauƙi. Wanda ke bugun ƙirji yana cewa "filina ne, da kuɗina na saya" bai yi ƙarya ba a bakin dillalai, amma a wurin doka abin da ke hannunsa haƙƙin zama ne da amfani, galibi na shekara 99, kuma da sharuɗɗa. A jikin takardar shaidar mallaka an rubuta abin da aka ba da filin dominsa, gidan zama ne ko kasuwanci ko masana'anta. Wanda aka ba fuloti don ya zauna da iyalinsa ba zai wayi gari ya mayar da shi gidan mai ba, sai ya koma Ma'aikatar Ƙasa an amince an sauya masa manufar filin. Sashe na 28 na dokar ya ba gwamna ikon soke haƙƙin mutum idan ya karya sharuɗɗan da ke cikin takardarsa. Ba kasafai ake kaiwa can ba, amma mai gini da lauyansa sun san da zaman sashen, kuma sanin yana sa a sassauta murya.

Takardar fili daban, izinin gini daban, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Izinin gini na hukumar tsara birane ta jiha ne, wato KNUPDA, wadda dattawa har yanzu wasu ke kira da tsohon sunanta KASEPPA. Ita ake kai wa zanen gini ta duba ta buga hatimi: hawa nawa ne, wace irin tazara aka bari tsakanin gini da titi da kuma katangar maƙwabci, ina ruwan sama zai bi, ina motoci za su tsaya. Ita ce kuma mai jan fentin nan da ake shafa wa bango, ita ke dakatar da aiki, ita ke rushewa. Saboda haka tambayoyi uku ne a kan kowane sabon gini. Me aka ba da filin dominsa? Akwai izinin gini? Abin da ake ɗorawa a ƙasa shi ne abin da ke cikin zanen da aka amince da shi? Ta ukun nan ita ce ta fi kama mutane. Akwai mai izinin hawa biyu da zai ga kuɗi sun shigo ya ƙara biyu a kan harsashin da ba a yi shi don ɗaukar su ba. Duk wanda ya tuna benen da ake cikin ginawa da ya rufta a titin Beirut cikin watan Agustan 2022, a tsakiyar kasuwar waya, ya san maganar nauyin gini ba ta mai gini kaɗai ba ce.

Kada a ɓata lokaci ana rubuta wa Abuja takarda a kan bene ko shago. Tun 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Amma akwai gine-ginen da tarayya ke da baki a cikinsu, kuma su ne suka fi tayar da hankalin maƙwabta. Gidan mai da wurin ɗura iskar gas sai da lasisin NMDPRA, hukumar tarayya mai kula da harkar mai da gas wadda ta gaji tsohuwar hukumar DPR bayan dokar man fetur ta 2021, kuma tana duba wurin kafin ta amince, ban da rahoton hukumar kashe gobara. Turken sadarwa yana ƙarƙashin hukumar sadarwa ta ƙasa NCC da kuma hukumar kula da muhalli NESREA, wadda aka kafa a 2007. Manyan ayyuka irin su masana'anta, dokar 1992 ta wajabta a auna illarsu ga muhalli tun kafin a fara, a kuma baje rahoton jama'a su gani su yi magana. Idan kuwa a kan badala ake ginin, ganuwar da aka faro tun zamanin Sarki Gijimasu, wannan kayan tarihi ne na ƙasa, hukumar gidajen tarihi ta tarayya na da ta cewa. Amfanin sanin wannan shi ne mai gini yana buƙatar kowace ƙofa ta buɗe masa, ku kuwa guda ɗaya ta rufe ta ishe ku.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda muke mantawa da makamin da ke cikin zaurukanmu. Malaman Malikiyya sun yi wa maganar gini da maƙwabtaka filla-filla tun ƙarnoni da suka wuce, kuma littattafan suna nan ana biya su kullum da asuba a cikin gari. A Risala, bayan an kawo hadisin nan na ba cuta ba cutarwa, an ba da misalai ƙarara: kada mutum ya buɗe taga kusa da zai riƙa hango maƙwabcinsa ta cikinta, kada ya buɗe ƙofa saitin ƙofarsa, kada ya yi haƙan da zai cutar da shi ko da a cikin mallakarsa ne. Muhtasar ya ƙara da hayaƙi, da wari irin na majema, da duk abin da zai lalata bango, da kafa shago ko bargar dabbobi saitin ƙofar gidan wani. Ka ɗauki waɗannan ka ɗora a kan Kanon yau, sai ka ga kamar jiya aka rubuta su. Hayaƙin gidan burodi da na ƙaton janareto, warin gidan kaji, masai da aka haƙa jikin katangar wani har ta fara jiƙa, jerin shaguna da samari za su zauna suna ƙirga masu shiga da fita gidan mutum.

Sai dai littafin da ya ba ka shi ne kuma ya hana ka. A fitaccen ra'ayin mazhabar ba a hana mutum ɗaga gininsa sama, kuma ba a hana shi don ya tare maka rana ko iska. Wato benen kansa ba laifi ba ne, tagar ce laifi. Wannan bambanci ƙarami ne a baki, amma shi ne kan maganar. Maƙwabtan da suka je suna cewa a hana bene gaba ɗaya galibi hannu rabbana suke dawowa. Waɗanda suka ce a toshe tagogin da ke kallon gidajensu, ko a ɗaga su sama da tsayin mutum, a juya barandar ta kalli titi, a yi wa saman benen katanga, su ne ke samun biyan buƙata, don babu liman ko alƙali ko ma'aikacin hukuma da zai ji kunyar goyon bayansu. Ni ma a nan nake. Birnin da ya cika ƙananan hukumomi takwas, Birni da Kewaye da Dala da Gwale da Fagge da Nasarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, yana ta cinye gonakin maƙwabtansa, dole wata rana ya tashi sama. Wanda ya ce kada a yi bene a Kano yana faɗa ne da abin da ya fi ƙarfinsa. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, wani ƙorafin ba cutarwa ce ta kawo shi ba, yaron da aka raina ne jiya ya yi kuɗi.

Wani abin da fiƙihun ya koyar, wanda dokar Bature ma ta yarda da shi, shi ne shiru yana cinye haƙƙi. Alƙalan kotunan shari'a sun san hukuncin hauzi, cewa wanda yana nan yana gani wani ya riƙe gida shekara 10 bai ce uffan ba, ba a sauraronsa daga baya. A Babbar Kotu ma alƙali zai tambaya ina kuke lokacin da ake haƙa harsashi. Dakatar da rami abu ne mai sauƙi. Umartar a rushe hawa uku da aka narkar da miliyoyi a kai, wannan sai alƙali ya yi dogon tunani, kuma sau da yawa ya karkata ga diyya.

Don haka ranar da yashi ya sauka, ranar ake fara aiki, kuma ba da hukuma ake farawa ba. Mutum biyu ko uku masu furfura da sanyin baki su nemi mai filin, shi kansa, ba birkila ko ɗan kwangila ba. A yi masa murna tukuna. "Alhaji, mun ga an fara sauke kaya, Allah ya sa albarka, ya sa a gama lafiya. Muka ce bari mu zo mu ji me za a yi mana a layin, tunda mun zama ɗaya." Wannan gaisuwar tana da amfani biyu. Idan mutumin kirki ne, gyara zane a takarda bai kai kuɗin buhun siminti nawa ba, zai gyara. Idan kuma ya hau faɗa ko ya yi ta kwana-kwana, kun san da wa kuke yi, kuma gobe ba wanda zai ce kun tsallake shi kun kai shi ƙara. Daga nan sai mai unguwa, shi ya kai ga dagaci, dagaci ya kai ga hakimi. Kada a raina wannan tsani. Masu unguwanni ba su da ikon ba da izinin gini ko hana shi, amma sun san tarihin kowane fili, sun san inda hanya ta bi da inda kududdufi yake kafin a cike shi, kuma takardar da ta fito da hatimin hakimi ba a jefa ta kwandon shara da wuri. Abin lura ɗaya ne: a irin cinikin filayen unguwa akan sa mai unguwa shaida, don haka wani lokaci wanda kuka kai wa kuka da sa hannunsa a takardar cinikin. Idan kun ga yana jan ƙafa, ba sai an yi masa rashin kunya ba. A ce, "Ranka ya daɗe, za mu ƙarasa wurin dagaci don a taya ka ɗaukar nauyin," a wuce.

Takardar koke ita ce ƙashin bayan tafiyar, kuma a nan ake gane waɗanda suka shirya. Shafi ɗaya ko biyu ya isa. A faɗi inda filin yake yadda baƙo zai iya zuwa, da lambar fuloti idan akwai, da ranar da aka fara aiki, da abin da ake gani ana yi, da cutarwar da ake tsoro ɗaya bayan ɗaya, sannan abin da ake nema: a zo a duba, a tabbatar ko akwai izini, a dakatar da aiki kafin a gama bincike. Ban da zagi, ban da "an ce ɓarawon gwamnati ne", ban da zargin cin hanci da ba za ku iya tabbatarwa ba, don wannan kan juya ya zama ƙarar ɓata suna a kanku. A haɗa da hotuna masu kwanan wata. Masu sa hannu su zama waɗanda abin ya shafa da gaske, kowa da sunansa da gidansa. Mutum 15 da ke kewaye da filin sun fi 300 da aka tara a bakin kasuwa. Kuma kada a manta da matan gida. Su ne ke wuni da hayaƙin da ƙarar, su ne tagar ke kallo, amma sai a gama taron unguwa ba a ji ta bakin ko ɗaya ba.

A kai wa KNUPDA asali, a ba Ma'aikatar Ƙasa da Ma'aikatar Muhalli da shugaban ƙaramar hukuma da hakimi kwafi, da hukumar tarayyar da abin ya shafa idan gidan mai ne ko turke. Duk inda aka kai, a tsaya sai an buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafin da za ku koma da shi. Wannan kwafin mai hatimi ya fi duk alkawarin baki da za a yi muku a ofis. Sannan a riƙa komawa. Fayil ba ya tafiya da ƙafarsa, sai an sa mutum ɗaya mai haƙuri, irin tsohon ma'aikacin da ya yi ritaya ya san hawa da saukar ofis, ya mayar da bibiyar aikinsa. Idan ana so a ga ko da gaske akwai izini, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar nema a rubuce, ta kuma ba hukuma kwana 7 ta amsa. An daɗe ana gardamar ko dokar ta hau kan jihohi, har Kotun Ƙoli ta raba gardamar a 2025 ta ce ta hau. Idan kuma an ga alamar an danne koken da gangan, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta jiha, wadda ke da ikon gayyatar ma'aikaci ya zo ya yi bayani.

Rediyo fa? A garin nan an san ƙarfinsa. Magana ta fita a shiri irin Inda Ranka na gidan rediyon Freedom da dare, kafin hantsi ta zaga ofisoshi. Amma harsashi ɗaya ne a bindigar, kada a harba shi da wuri. Ran da aka je rediyo, ranar ƙofar sulhu ta fara rufuwa, don mai kuɗi ya fi jure asara a kan ya jure kunya. A bari sai an kai takarda an yi shiru, sannan a je da kwafin mai hatimi a hannu, mutum ɗaya ya yi magana, ya tsaya kan abin da ya gani da idonsa. Haka ma Facebook. Hoton kwata da aka toshe ya fi dogon rubutun zagi aiki.

Kotu ita ce ƙarshe, amma kada a bari ta zama ihu bayan hari. Abin da ake nema da farko shi ne odar dakatar da aiki har a gama shari'a. Lauya zai gaya muku cewa sai kun nuna akwai magana mai ƙwari da ta cancanci a saurara, da cewa ɓarnar da za a yi ba wadda kuɗi za su gyara ba ce, kuma za a sa ku ɗauki alkawarin biyan mai gini asararsa idan ta bayyana kun tsayar da shi a banza. Wannan alkawari ba wasa ba ne, a faɗa wa masu karo-karo tun farko. Idan rigimar ta taɓa takardar mallakar fili a cikin birni, sashe na 39 na Dokar Amfani da Ƙasa ya keɓe ta ga Babbar Kotun jiha, don haka a nemi shawara kafin a shigar da ƙara inda za a shekara ana jayayya a kan hurumi. Idan za a haɗa da hukuma a cikin ƙarar, akwai tarkon lokaci: dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta bayar, kuma hukumomi da yawa sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a maka su. Da can akan kori irin wannan ƙara da cewa abin da ya dami jama'a baki ɗaya sai Antoni Janar ne zai shigar. A 1991 Kotun Ƙoli ta kawar da wannan shinge, a shari'ar da mazauna wata unguwa a Isolo ta Legas suka yi da kamfanin Interland Transport, wanda tirelolinsa suka addabe su da ƙara da toshe hanya. Tun daga nan mutanen unguwa na iya tsayar da wakilai su yi ƙara da sunan kowa.

Abin da bai kamata ko a yi tunaninsa ba shi ne a tara matasa a ture katanga cikin dare ko a kori leburori da duwatsu. Da safe mai gini ne zai zama mai ƙara, ku ne za ku kwana a caji ofis bisa laifin kutse da ɓarna, maganar taga da kwata kuwa ta bi ruwa. Ko gwamnati da ƙarfinta, rusau bai zo mata da sauƙi ba. A watan Yunin 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe gine-gine a tsohon otal ɗin Daula da shagunan da ke filin Idi da wasu wurare, bisa hujjar filayen jama'a ne aka yanka. Kafin shekara ta ƙare Babbar Kotun Tarayya ta yanke a biya 'yan kasuwar filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Kowa da ra'ayinsa a kan wancan rusau, ni dai abin da na ɗauka shi ne gini in ya tsaya da ƙafarsa, ko an kayar da shi sai ya tafi da wani abu.

Filayen jama'a su ne suka fi saurin tafiya, don na kowa ne, wato ba na kowa ba. Gefen makarantar firamare, bakin maƙabarta, filin ƙwallon yara, harabar asibitin sha-ka-tafi, hanyar ruwa. Kududdufan cikin gari da muke raina wa saboda sauro da shara, su ne ke shanye ruwan sama, kuma duk wanda aka cike aka gina, ruwansa sai ya nemi ɗakin wani a watan Agusta. A unguwar da gwamnati ta yi awo akwai taswirar shimfiɗar unguwa a Ma'aikatar Ƙasa da hukumar adana bayanan filaye ta jiha KANGIS, taswirar da ke nuna abin da aka ware kowane wuri dominsa. Ƙungiyar unguwa mai hankali tana neman kwafin taswirar nan tun ana zaman lafiya, ta kewaye filin ko da da itatuwa ne, ta kafa allo. Kango mai shara yana kiran dillali. Fili mai bishiyoyi da raga da yara a ciki, sai an yi shawara kafin a taɓa shi.

A unguwannin awon igiya lamarin ya fi wuya. Tsarin da wani Bature mai tsara birane, Trevallion, ya zana wa Kano na shekara 20 ne, daga 1963 zuwa 1983, garin kuwa ya tsere wa takarda tuntuni, magada da dillalai suka riƙa yanka gonaki da igiya suna barin lungun da ko motar ɗaukar gawa ba ta shiga. A irin waɗannan wurare mai ƙorafin ma sau da yawa ba shi da izinin gini, kuma mai sabon gini ya san haka. Zai ce, "To mu je hukumar, a auna nawa a auna naku." Nan take rabin masu sa hannu za su tuna suna da uzuri. Shi ya sa kafin a kai ƙarar wanda ya hau kwata, a leƙa a ga ko shagon shugaban kwamiti ba a kanta yake zaune ba. A nan hujjar cutarwa ta fi hujjar takarda amfani, kuma zauren mai unguwa da ofishin Hisba, inda ake sulhun maƙwabta kullum, sun fi kusa da biyan buƙata.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mai gini mai wayo ba ya faɗa da unguwa, tsaga yake nema. Buhun shinkafa ga wannan, alkawarin gadi ga ɗan wancan, tayil da fanka ga masallaci, sai a ji liman ya fara huɗubar haƙuri da maƙwabci. Ba duk kyauta ce cin hanci ba, kuma ba laifi unguwa ta amfana da mai kuɗin da ya shigo cikinta. Laifin shi ne a karɓa a ɓoye, mutum ɗaya ya sayar da abin da ba nasa ba. Maganinsa a yi ƙa'ida tun zaman farko cewa ba mai ganawa da mai gini shi kaɗai, kuma duk tayin da ya zo a faɗe shi a gaban kowa. Kuɗin karo-karo a rubuta su a littafi, don rigimar naira dubu biyar ta sha kashe tafiyar da barazanar ɗan sanda ba ta kashe ba.

Mafi yawan irin wannan takaddama ba da hana gini take ƙarewa ba, da sharuɗɗa take ƙarewa, kuma gara a shiga da sanin abin da za a iya karɓa. Idan wurin biki ne, a yi maganar ƙarfe nawa za a kashe kiɗa, da inda motocin baƙi za su tsaya don kada a toshe wa mai naƙuda hanya. Idan shaguna ne, ƙofofinsu su kalli babban titi, a yi banɗaki a ciki, janareto ya koma nesa da ɗakunan kwanan mutane. Idan makaranta ce, a san ta ina za a riƙa sauke yara da ɗaukarsu. Idan bene ne, tagogi da baranda da inda indararo zai zubar. Duk abin da aka amince a rubuta shi, mai fili ya sa hannu da kansa, mai unguwa da liman su yi shaida, a kai wa KNUPDA kwafi a nemi a gyara zanen ya dace da yarjejeniyar, don gobe idan ya sayar da ginin sabon mai shi zai ce shi bai yi alkawari da kowa ba. Idan maganar ta riga ta je kotu, a roƙi alƙali ya mayar da sulhun hukuncin kotu. Sannan a sa ido ranar da magina suka kai tsayin taga, a je da kwafin takardar da abin awo, tun siminti bai bushe ba.